Masu Karanta Gona Daga Sama

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda ake noman masara, dawa da auduga, matsalar tsaro ta sa gonaki da yawa na bakin daji sun fi ƙarfin malamin gona ya taka su da ƙafa. Wannan ya ƙara wa wata sana'a daraja, wato ta masu rubuta manhajar da ke tantance hotunan tauraron ɗan'adam.

Kayan aikinsu kwamfuta ce da intanet. Hotunan kuwa kyauta ne. Tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, yana ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kowane ɗigo a hoton kuma yana wakiltar fili mai mita 10 a tsawo da faɗi.

Launi kaɗai ba ya raba gardama, domin da damina gona kore ce, daji ma kore ne. Sai a koma ga laushi da kaushin hoton, kamar yadda ɗan Kantin Kwari ke shafa shadda ya san darajarta. Dabarar da Robert Haralick da abokan aikinsa suka wallafa a 1973 ita ce ginshiƙi. Ana yanka hoton gutsi-gutsi, a kowane gutsure manhaja ta ƙirga sau nawa ɗigo mai haske ya yi maƙwabtaka da mai duhu. Ruwan dam sumul yake fitowa. Daji kaushi gare shi, saboda inuwar itatuwa. Gonaki kan fito daki-daki da iyakokinsu, gari kuwa rufin kwano da lunguna kan sa shi dabbare-dabbare.

Daga nan kowane gutsure ya zama jerin alƙaluma. Mai aikin zai ce wa manhajar, wadda galibi da Python ake rubuta ta, ta kasa su kashi biyar ko shida, masu kama da juna wuri guda. Sai ya ba kowane kashi launinsa, ya shimfiɗa a taswira da manhajar QGIS. In aka jera taswirar bana da ta shekarun baya, gonar da aka bari ta koma saura za ta bayyana. Hukumar Abinci ta Duniya ta bi diddigin gonakin da aka ƙaurace wa a yankin Mopti na ƙasar Mali ta hanyar kwatanta hotunan sama.

Sana'ar na da nata ciwon kai. Gajimaren Agusta na rufe ƙasa daidai lokacin da ake son ganin shuka, hazon hunturu na dusashe hoto, ga tsadar data da rashin wuta.

Babban abin shi ne, kwamfuta kasawa kawai ta iya, ba ta san sunan abin da ta kasa ba. Gonar da ke cike da ɗorawa da kaɗanya sai ta haɗa ta da daji. Ramin farar ƙasa na Ƙanƙara sai ta jera shi da busasshen rafi. Saboda haka matashin da ya karanci kwamfuta a Dutsin-Ma ko Zariya, kuma ya taso yana riƙe fartanya, ya fi baƙon ƙwararre saurin gano kuskure. In ya yi shakka, yakan nuna wa manomi taswirar ya ce, “Baba, nan wurin me ake shukawa?” Da amsar dattijon ake gyara manhajar.