Hannu a Kame, Ƙafa a Sake: Yadda Muka Naɗe Jaririnmu a Abu Hujar

Kwana biyar bayan suna kayan suka iso. Mijin autarmu ne ya aiko su daga Jidda, inda yake aiki, ta hannun wani ɗan garinmu da ya dawo Umra. Akwai turare, da tob, wato mayafin mata, na mai jego, da 'yan riguna, sai wani abu mai laushi launin madara wanda babu wanda ya taɓa ganin irinsa a gidan. Ƙasansa a ɗinke kamar aljihu, ga zif a gaba, ga wasu fukafukai biyu a gefe da ke mannewa idan an haɗa su. Inna ta ɗaga shi, ta juya gaba ta juya baya, ta ce, "Wannan kuma buhun mene ne?"

Auta ta ce, "Na barcin yaro ne, Inna. Ya ce idan aka sa shi ciki zai daina rigima."

Inna ta ajiye shi a gefen tabarma. "Jikana ba dawa ba ne, balle a zuba shi a buhu."

Cikin Disamba muke a lokacin, sanyi ya sauka, da dare iska na tasowa daga bakin bahar, wato kogi. Auta ta zo gida wankan haihuwar fari kamar yadda aka saba, yaron kuwa, Allah ya raya shi, ya zo da murya. Da rana lafiya lau, ya sha ya yi barci. Da an kira magariba sai ya tsuge da kuka, ya dunƙule hannu, ya ja gwiwa zuwa ciki, fuska ta yi jawur. Uwar ga kunyar ɗan fari, ga ciwon jiki, ga rashin barci. Wani dare na same ta zaune a bakin angarib, gadonmu na igiya, tana hawaye ba sauti. Ta ce, "Yaya, ko nonona ne ba ya isarsa?"

Ni daya ce, wato ungozomar da ta yi karatun aikin, irin karatun da ya samo tushe daga makarantar ungozomomi da aka buɗe a Omdurman a 1921. Na fi shekara 20 ina karɓar haihuwa a Abu Hujar da ƙauyukan da ke bin kogi, kudu da Sinja, a kan hanyar Damazin. Wannan tambaya ta Auta na sha jin ta a bakin masu haihuwar fari, kuma duk sanda na ji ta raina yana sosuwa, domin sau da yawa nonon ba shi da laifin komai.

Abin da ke sa jariri zabura

Wata tara jariri yana dunƙule a wuri mai ɗumi, ko'ina ya miƙa hannu sai ya taɓa bango. Ranar da ya fito sai ya tarar da fili, hannuwa na yawo ba abin da ke tare su. Kowace uwa ta taɓa ganin wannan: yaro ya yi barci, an lallaɓa za a kwantar da shi, bayansa na taɓa shimfiɗa sai ya watsa hannu biyu kamar zai faɗo daga sama, ya farka da kuka. Tsofaffinmu kan ce ya razana. Likitoci suna kiran abin zaburar Moro, da sunan likitan yara Ernst Moro da ya bayyana ta a 1918. Kowane lafiyayyen jariri da ita ake haifarsa, kuma takan gushe da kanta tsakanin wata huɗu zuwa shida.

Shi ma kukan yamma yana da lokacinsa. Yakan fara wajen mako biyu, ya kai ƙarshen tsananinsa wajen mako shida, wato daidai arba'in, daga nan ya riƙa raguwa har wata uku ko huɗu. Idan aka naɗe jariri aka kame hannuwansa a jiki, zaburar ba ta samun wurin tashinsa, sai barcin ya ɗan yi tsawo. Larabawa suna kiran wannan naɗi gimaɗ, kuma daɗaɗɗen abu ne daga Masar har Turkiyya da Rasha. Jakar da aka aiko daga Jidda wannan tsohon naɗin ne aka ɗinke, aka sa masa zif. Abin da ta fi zani da shi guda ne: ba ta warwarewa cikin dare ta hau fuskar yaro.

Haka na yi wa Inna bayani, amma ban sa yaron a jakar ba a wannan daren.

A fara sauraren kukan

Kuka shi ne bakin jariri, kuma naɗi ba ya amsa kowace magana. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Idan yunwa ce, ko an naɗe shi sau goma ba zai yi shiru ba, idan ma ya yi shirun to an cuce shi. Don haka na zauna kusa da Auta na kalli yadda yaron ke kama nono. Na ga kan nonon kawai yake tsotsa, yana haɗiyar iska. Muka gyara riƙon har ya buɗe baki sosai ya kama da kyau. Muka ƙirga tsumman fitsari: ya wuce shida a rana, alamar yana ƙoshi ke nan. Muka saba ɗora shi a kafaɗa bayan ya sha, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. Na roƙi Inna a bar maganar jiƙo da ruwan ɗumi, domin nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida.

Akwai kuma kukan da ba a lallashinsa, asibiti ake kai shi. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi har ma'auni ya nuna 38, ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko ƙirjinsa na lotsawa idan ya ja iska, ko yana jijjiga, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi ɗorawa, ko cibiya na wari tana fitar da ruwa, ko ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi, wannan ba a jira gari ya waye. Abin da nake tsoro da naɗi shi ne ya rufe irin wannan yaro, a ɗauka barci yake.

Yaron Auta ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Sai a dare na uku muka buɗe jakar.

Ƙafar kwaɗo

Inna ce ta karɓe shi. Kafin ta sa shi ciki sai ta haɗa ƙafafunsa ta miƙe su sambal, tana neman tsumman da za ta ɗaure gwiwoyin. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ƙafar a bar masa." Ta ce haka ta ga wasu maƙwabta na yi, don kada yaro ya tashi da ƙafar baka.

A nan babban haɗarin naɗi yake, kuma mutane kaɗan suka san shi. Gaɓar kwatangwalon jariri guringuntsi ce, ba ta gama ƙwari ba. Kan ƙashin cinya yana zama daidai cikin kwarminsa ne idan gwiwoyi sun lanƙwashe, cinyoyi sun buɗe kamar na kwaɗo. Idan aka miƙe ƙafafun aka matse su kullum, kan ƙashin na iya zamewa daga kwarmin. Abin ba ya sa jariri kuka, sau da yawa ba a ganewa sai ya fara tafiya a ga yana ɗingishi. A Japan an daɗe ana ɗaure jarirai da ƙafa a miƙe, kuma gocewar kwatangwalo ta yi yawa a can. A 1975 likitocinsu suka fara gangamin wayar da kan iyaye a duk ƙasar a kan a bar ƙafa ta sake. Cikin 'yan shekaru abin da ke samun yaro ɗaya zuwa uku cikin ɗari ya koma ƙasa da biyu cikin dubu.

Da na kawo nan sai na ce wa Inna ta tuna yadda yaro ke zama a bayanta idan ta goya shi: cinyoyi a buɗe sun rungumi ƙugunta, gwiwoyi a sama. Wannan shi ne ainihin zaman da likitocin ƙashi ke so, kuma an lura gocewar kwatangwalo ba ta da yawa a al'ummomin da ke goyo irin namu. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa, wasu a kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, da goyo a baya suka ratso Wadai da Darfur har suka sauka a gaɓar wannan kogi. Zani da majanyi suka kawo mana, kuma ashe magani suka kawo.

Inna ta yi shiru, sannan ta saki ƙafafun. Muka duba jakar: ƙasanta da faɗi, yaro na iya harba ƙafa yadda ya so. Duk jakar da ta tsuke daga ƙugu zuwa ƙasa, kome kyanta, a bar ta a kasuwa. Muka kwantar da hannuwansa a ƙirji, muka haɗa fukafukan, na zura yatsu biyu tsakanin ƙirjinsa da yadin na ga sun shiga ba takura. Na duba wuyan jakar, bai yi faɗin da kansa zai nutse ciki ba. Inna ta rungume shi tana jijjigawa a hankali tana shi-shi-shi a kunnensa. Kafin a idar da sallar isha ya yi barci.

Rigingine, kuma shi kaɗai

Wurin kwanciya ma sai da muka yi magana. Mata da yawa suna kifa jariri rub da ciki, wai ya fi daɗewa yana barci, ko kada ya shaƙe da tumbiɗi. Lafiyayyen jariri da ke rigingine yana haɗiye tumbiɗinsa ko ya juya kai ya zubar. A Ingila a 1991, a Amurka a 1994, an yi gangamin kwantar da jarirai rigingine, kuma mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Yaron da aka naɗe kuwa ya fi kowa shiga haɗari idan ya kife, domin ba shi da hannun da zai tokare ya ɗaga kai.

Angarib ɗinmu na igiya yana lotsawa a tsakiya, yaro na iya gangarowa ƙarƙashin uwa. Sai muka samo ƙaramin gado mai shimfiɗa miƙaƙƙiya mai ɗan tauri, muka ajiye dab da nata, ba matashi ba bargo, muka ja gidan sauro muka soke bakinsa da kyau. Garwashin mai jego da kaskon turaren wuta muka fitar da su daga ɗakin kafin a kwantar da shi. Akwai kuma wasu jakunkuna da ake ɗinka wa nauyi a ƙirji, wai su yi kamar hannun uwa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a 2022 cewa kada a yi amfani da su, ni ma ba zan ɗora wa ƙirjin jariri nauyi ba ko da na ƙwayar gyaɗa ne.

Zafin ƙasarmu

Waɗannan jakunkuna an fi ɗinka su don ƙasashen sanyi, inda ake son ɗakin jariri ya tsaya tsakanin 16 da 20 a ma'auni. Mu a nan, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce 40, ɗakin kwano kuwa har tsakar dare yana huci. A jikin jakar akan rubuta TOG da lamba: 2.5 mai kauri ce ta hunturu, 1 matsakaiciya, 0.5 mara nauyi. Ta Auta 1 ce, ta yi daidai da daren Disamba da Janairu, da 'yar singileti kaɗai a ciki. Da a ce cikin Afrilu ta haihu, da na ce ta ajiye ta, ta nemi yankin tsohon tob na auduga wanda iska ke ratsawa, ko ma a bar naɗin ɗungum. Kada a auna ɗumin jariri da tafin hannunsa, wannan kullum da ɗan sanyi yake. A taɓa ƙirji ko ƙeya. Idan akwai gumi, ko gashi ya jiƙe, ko ƙurajen zafi sun feso, a kwance shi nan take. Hula kuma ba ta barci ba ce a ɗaki mai ɗumi.

Wadda ba ta da jaka ba ta rasa komai ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 na karɓi haihuwar matan da suka baro gidajensu da kayan jikinsu kawai, kuma zani ɗaya ya wadatar. A shimfiɗa shi, a lanƙwasa kusurwar sama, kafaɗun yaro su zauna a kan lanƙwasar, kai a waje. A jawo gefe ɗaya a kan ƙirji a soke ƙarƙashin bayansa, a ɗago ƙasan a sake-sake, a jawo ɗaya gefen a soke. Da rana a kwance shi ya miƙe jiki, ya kwanta a ƙirjin uwarsa fata da fata, lokacin shan nono ma hannunsa ya zama a waje ya taɓa ta.

Ranar da muka naɗe jakar

Kukan magariba bai ɗauke dare ɗaya ba. Ya ragu, ya dawo wajen arba'in, sannan ya tafi. A dararen da ya ƙi lallashi, mukan karɓa-karɓa ni da Inna, Auta ta samu ta runtsa. Na sha gaya mata, kuma ina gaya wa kowace uwa: idan zuciya ta kawo wuya, ki ajiye yaro rigingine a gadonsa, ki fita tsakar gida ki sha iska, ki kira wani. Kada a girgiza jariri da ƙarfi ko sau ɗaya, ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗauka.

Farkon Maris, yana gab da wata uku, Inna na zaune a rumfa tana tsince wake, yaron na kan tabarma a gabanta. Sai ta ga ya ɗaga ƙafa, ya karkata, ya koma gefe ɗaya yana ƙoƙarin kifewa. Tun farko na gaya musu cewa ranar da ya fara neman juyawa, ranar naɗi ya ƙare, ko da watansa biyu ne. Ba ta jira na dawo daga aiki ba. Ta aika aka ɗauko jakar, ta wanke ta, ta shanya, ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Da na shigo ta ce, "Ya fara birgima, na sallami buhun. Allah ya kai mu na ƙaninsa."

Sannan ta ɗauko zanen goyon da ta goye mu da shi duka, ta miƙa wa Auta ta ce, "Juyo nan, 'yar nan, in nuna miki yadda ake ɗaura majanyi."