Takarda Ba Ta Isa Ba: Mai Ba Ɗalibai Shawara Sai Ya Koyi Aiki a Gaban Gwani

Duk wanda ya bi hanyar Dass da hantsi ya san Yelwa unguwar makarantu ce. A nan harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta farko take, ga Kwalejin Aikin Gona ta Jihar Bauchi, ga kwalejin haɗin kai ta Janar Hassan Usman Katsina, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a maƙwabciyarta Gwallameji. Tsakanin waɗannan akwai firamare da sakandare da islamiyyoyi birjik. Yaran da ke cika azuzuwan nan suna zuwa da littattafai a jaka, suna kuma zuwa da wani kaya a zuci: tsoron jarrabawa, rabuwar iyaye, maraici, abokan da ke jan su zuwa shaye-shaye. An tanadi malamin shawara domin ya taya su sauke wannan kaya. Sai dai kafin a miƙa masa sirrin ɗan wani, ya kamata a tabbatar ya taɓa yin aikin a gaban wanda ya fi shi sani, an ga kurensa, an gyara masa.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a Nijeriya. A 1959 ne wasu mata masu hidimar cocin Katolika a kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, a 1977 kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta amince da a sa masu shawara a makarantu. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da masu wannan aiki. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano suna ba da digiri na biyu a fannin. Doka da kwasa-kwasai dai sun samu. Abin da zai raba gwani da mai riƙe da takarda kawai shi ne yadda aka horar da shi a bakin aiki.

Horon yana da tsari. Ana tura ɗalibin digiri na biyu wata makaranta, ya fara da zama a gefe yana kallon ƙwararre. Daga baya a ba shi yara masu ƙananan matsaloli, ya rubuta abin da ya gudana a kowane zama, sannan kowane mako ya zauna da mai duba aikinsa su bi zancen daki-daki. Me ya sa ka katse yaron a nan? Da ya yi shiru, me ya sa ka yi saurin cike shirun da nasiha? A Amurka, inda Lightner Witmer ya buɗe ɗakin duba yara masu matsalar karatu a Jami'ar Pennsylvania tun 1896, ƙungiyar masana halayyar ɗalibai ta ƙasar ta shar'anta awa 1,200 na aikin gwaji, aƙalla 600 daga ciki a cikin makaranta, tare da kimanin awa 2 kowane mako ido da ido da mai duba aiki. Ba dole mu kwafi lissafinsu ba, amma dalilinsa ya shafe mu: mutum ba ya jin kuskuren bakinsa, sai wani ya jiyar da shi.

Kuskure a wannan aiki yana da tsada. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Yaron da ya fara shan ƙwaya ba zai faɗa wa wanda ya tare shi da faɗa ba. Wanda ake kira dolo a aji wataƙila allo ne ba ya gani, ko kunnensa ne ba ya ji sosai. Yarinyar da ta daina magana wataƙila wani ne ke cutar da ita a gida. Littafi zai jera wa ɗalibi alamomin nan, amma gane su a fuskar yaro, da sanin lokacin kiran iyaye, da lokacin tura shi ga likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Bauchi, sai a kusa da wanda ya sha ganin irinsu.

Wasu za su ce ai muna da iyaye da malaman addini da dattawan unguwa, tun kaka da kakanni su ke yi wa yaro nasiha. Gaskiya ne, kuma malamin shawara na ƙwarai da su yake aiki. Amma akwai maganar da kunya ke hana yaro faɗa wa mahaifinsa ko limaminsa. Ban da haka, al'adar da ake kafa hujja da ita ce ta fi kowa tsanani wajen koyon sana'a. Wanzami ba ya miƙa wa yaronsa aska ranar farko, tela ba ya ba ɗan koyo shaddar biki ya yanka. Likita ma sai ya yi shekara guda ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakken lasisi. Me zai sa zuciyar yaro ta fi ƙyalle arha?

Wasu kuma damuwarsu ita ce kada a mai da 'ya'yansu abin gwaji, ko sirrinsu ya fita. Wannan damuwa tana kan hanya, kuma sa idon ne maganinta. Ƙa'idar aikin ita ce a sanar da iyaye cewa mai shawarar ɗan koyo ne, a nemi izininsu kafin a naɗi murya, a sakaya sunan yaro a duk tattaunawa. A kuma gaya wa yaron tun farko cewa za a riƙe sirrinsa, sai fa idan ransa ko na wani yana cikin haɗari. Yaron da ke hannun ɗan koyon da ke da mai duba aiki, mutum biyu ne ke kula da shi. Gwaji na ainihi shi ne a saki wanda ba a taɓa duba aikinsa ba a kan ɗaruruwan yara.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ƙarancin ƙwararru da kuɗin zirga-zirga. Idan malami ɗaya ke da ɗalibai da yawa, sa ido na iya komawa sa hannu a littafin rahoto kawai, wanda ya fi rashin horon muni domin yana ba da shaidar abin da ba a yi ba. Amma ana iya duba ɗalibai rukuni-rukuni, kowa ya kawo matsala guda a tattauna, ana kuma iya yi ta waya da malamin da ke Zariya ko Kano. Yelwa na da wata dama ta daban: makarantunta a kusa da juna suke, mai duba aiki zai iya zagaya uku ko huɗu a yini guda cikin Keke Napep.

Saboda haka kira ga jami'o'i shi ne kada su yaye wanda ba a ga zamansa da yaro ba. Shugabannin makarantun Yelwa su buɗe ƙofa ga 'yan koyo, su ware musu ɗaki mai sirri, su daina cika malamin shawara da darussan da za su hana shi aikinsa. Iyaye kuma, ranar taron iyaye da malamai, ku tambayi wane ne ke sauraron 'ya'yanku, kuma a hannun wa ya koyi aikin. Haƙƙinku ne ku sani.