Hoton Ciki Ba Ya Nakasa Jariri

Akwai maganar da ta ishe ni a gidajen suna: wai hoton ciki, wato sikanin, shi ke ƙona ɗa a ciki har a haife shi da nakasa. Da an haifi yaro da ƙaton kai ko tsagaggen leɓe, sai ka ji wata tsohuwa ta ce, "Ai sai da na hana ta wannan ɗauke-ɗauken hoton."

Haba Gwaggo! Na'urar nan ba irin ta hoton ƙashi ba ce. Sauti take aikawa wanda kunne ba ya ji, ya bugi jikin jariri ya dawo, kwamfuta ta zana surarsa. Man nan mai sanyi da ake shafawa a mara, don sautin ya ratsa fata ne kawai. Kuma bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da cikin ba, balle awo. In bai rufe daidai ba, sai a haifi yaro da ƙullutu a gadon baya. Ina sikanin a lokacin? Kafin na'urar ta zo asibitocinmu, ba a haihuwar irin waɗannan yara? Wanda ya haska fitila ya ga kunama, ba shi ya kawo ta ɗaki ba.

Sanadin irin wannan nakasa yakan zama gado, ciwon suga, shan magani barkatai, ko ƙarancin folik asid.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai juna biyu ta yi sikanin kafin mako 24. Tsakanin mako 18 da 22 aka fi ganin kai, zuciya, ƙoda da ƙashin baya. 'Yar'uwa, kada tambayarki ta tsaya a "mace ne ko namiji?" Tambayi lafiyar gaɓoɓi da mazaunin mabiyiya. In an ga matsala, sai a shirya haihuwa a babban asibiti mai likitocin yara, maimakon a tashi neman mota da tsakar dare. Ba komai hoton ke gani ba; sikila sai gwajin jini. Ki fara shan folik asid tun kafin ciki, ki kuma je wurin ƙwararre, ba kowane shago mai na'ura ba.

Maigida, kuɗin sikanin bai kai na ragon suna ba. Ka ba ta, ka kuma raka ta.