Tsohon Rubutun da Ba a Share Ba: Matsalar Kula da Umarnin Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa yin rajistar makaranta, ko biyan kuɗi, ko neman aiki ta shafin intanet, fuskar shafin kurum ya gani. Ainihin aikin kuwa can ake yinsa cikin wata kwamfuta mai hidima, wadda ake kira saba. Ita ce ke karɓar buƙata, ta duba rumbun bayanai, ta yi lissafi, sa'an nan ta mayar da amsa. Ba ta yin kome da ra'ayin kanta, sai abin da masana suka rubuta mata layi bayan layi. Wannan shi zan riƙa kira rubutun umarni, kuma a kan ingancinsa zan yi magana a yau.

Sau da yawa akan ɗauka cewa in manhaja tana aiki, to, rubutunta ya yi kyau ke nan. Wannan awo bai isa ba. Tun cikin shekarun 1970 wani masani, Meir Lehman, ya lura cewa manhajar da ake amfani da ita dole ta riƙa canzawa, in ba haka ba amfaninta ya ragu, kuma kowane canji yana ƙara mata sarƙaƙiya sai fa in an tashi musamman don rage ta. Saboda haka ma'aunin gaskiya shi ne: in wanda ya rubuta ta ya bar aiki, magajinsa zai iya karantawa ya fahimta, ya gyara wuri ɗaya ba tare da ya ɓata wani ba? A 1992 Ward Cunningham ya kamanta rubutun gaggawa da cin bashi, watau ana samun biyan bukata yau, amma nauyin yana ta hauhawa har ranar da za a biya.

Alamun wannan bashi sanannu ne. Akwai kwafe umarni ɗaya a wurare da dama, ta yadda in an gyara nan sai a manta da can. Akwai cusa ayyuka barkatai cikin sashe guda, ga tantance mai shiga, ga lissafin kuɗi, ga aika saƙo, duk a cakuɗe. Akwai ba abu ɗaya ma'ana biyu. Akwai kuma barin tsohon umarnin da aka daina amfani da shi, don ana tsoron taɓa shi.

Bari in kawo misali daga Amurka. Kamfanin Knight Capital a da na cinikin hannun jari ne, ba mai shafin jama'a ba, amma umarnin da ke cikin sabobinsa iri ɗaya ne da wanda muke magana a kai, kuma hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ƙasar ta bi diddigin abin da ya same shi daki-daki.

Kamfanin yana da wani tsohon sashe mai suna Power Peg, wanda ya daina amfani da shi tun 2003, amma bai share shi ba. A 2005 aka ɗauke ɓangaren da ke ƙirga yawan abin da aka riga aka saya, aka mai da shi wani wuri, ba a kuwa sake gwada tsohon sashen ba. Ashe an cire masa linzami ke nan. A 2012 aka rubuta sabon umarni, sai aka ɗauki alamar da a da take tayar da Power Peg aka ba ta sabon aiki. Sabobi takwas ne ya kamata a sa wa sabon rubutun, amma ma'aikacin ya sa wa bakwai, kuma babu wani na biyu da ya duba aikinsa.

Ranar 1 ga Agusta, 2012, tun kafin a buɗe kasuwa, na'urar ta aika saƙonni 97 masu ambaton Power Peg, babu wanda ya ɗauki mataki. Da aka buɗe, sai saba ta takwas ta ga alamar, ta tayar da tsohon sashen da ya yi shekara tara yana barci. Tun da ba shi da abin ƙirga, sai ya dinga aika oda ba tsayawa. Cikin minti 45 aka ƙulla ciniki sama da miliyan 4 a kan hannun jari iri 154. Daɗin daɗawa, da ma'aikata suka tashi gyara, sai suka cire sabon rubutun daga sabobi bakwai masu lafiya, lamarin ya ƙara muni, domin ba su san inda cutar take ba. Asarar ta haura dala miliyan 460, a 2013 hukuma ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12, a shekarar ce kuma ya haɗe da kamfanin Getco.

Mai sauraro zai lura cewa babu ɓarawo a wannan labari. Ƙananan sakaci ne suka taru tun daga 2003, kowanne aka ce ba kome. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Na farko, a share umarnin da aka daina amfani da shi, tun da akwai manhajojin adana tarihin rubutu, irin su Git, da za su dawo da shi in an buƙata. Na biyu, a rarraba aiki sashe-sashe, kowane sashe da aikinsa guda, kamar yadda David Parnas ya ba da shawara tun 1972. Na uku, a rubuta gwaje-gwajen da na'ura za ta maimaita da kanta duk lokacin da aka yi canji. Na huɗu, kada a sa sabon rubutu a saba sai wani ya karanta shi, kuma a tabbatar kowace saba ta samu.

Ku ɗalibai, ku sani cewa kwamfuta za ta bi ko da rubutu mai muni ne, mutum ne ke shan wahalar karanta shi, saboda haka ku rubuta domin wanda zai gaje ku. Ku kuma ma'aikata masu sa hannu a kwangilar manhaja, kada ku tsaya ga kyan shafi ranar bikin buɗewa. Ku nemi a miƙa wa ma'aikatarku rubutun umarnin kansa, da takardun bayaninsa, da gwaje-gwajensa, a kuma ware kuɗin kula da shi kowace shekara. In ba a yi haka ba, ranar da ɗan kwangila ya tafi, albashin jama'a da sakamakon ɗalibai za su rataya a kan rubutun da babu mai iya karanta shi.