Jiragen Da Suka Tashi Ba Su Komo Ba

Ran 12 ga Satumba, 2014, da hantsi, wani jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet ya tashi daga filin jirgin sama na Yola, wanda ke Jimeta, ɗauke da matuƙa biyu. Aka zuba ido ya komo da tsakar rana, shiru. Sai cikin Oktoba 'yan Boko Haram suka ce su suka harbo shi.

A wannan shekara dai, ran 8 ga Maris, jirgin Malesiya MH370 ya ɓace da mutum 239. Duniya duka ta ɗauki zancensa, har Netflix ya yi fim a kansa a 2023. Na Yola kuwa, iyalan matuƙan aka bari da zulumi. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.