Wanda Ya Ba Da Jini, Yaushe Zai Koma Gona?

'Yan'uwa manoma, idan aka kai mace mai haihuwa asibiti tana zubar da jini, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, likita yakan ce a nemo wanda zai bayar. A nan ne dangi sukan fara kallon juna, balle da damina, don kowa hankalinsa yana gona. Mun sha jin ana cewa wanda aka ɗebi jininsa ba zai ƙara moruwa ba har kaka. Wannan ba gaskiya ba ne. Amma mun san inda maganar ta samo tushe: an ga mutum ya ba da jini da safe, ya hau keke cikin rana, ya faɗi a hanya.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Abin da ake ɗiba leda ɗaya ce, mililita 450, wato wajen kashi ɗaya cikin goma. Jini kuwa ruwa ne da ƙwayoyi a haɗe. Ruwan yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Jajayen ƙwayoyin, waɗanda suke kai wa tsoka iskar da muke shaƙa, ɓargo ne yake yin su, kuma sai ya yi mako 4 zuwa 6 kafin ya mayar da abin da aka ɗiba.

Saboda haka hatsarin yana ranar farko ne. Ruwan jiki ya ragu, ga zufa tana ƙara rage shi. Mai noma kuma a sunkuye yake aiki. Da ya miƙe farat ɗaya, jini ba ya isa kai da sauri, sai jiri, sai faɗuwa. Faɗuwa a kan kunya da sauƙi. Amma a bakin rijiya fa, ko a kan ɗorawa, ko a kan babur? Don haka ranar nan ba huɗa, ba jan guga, ba daka, ba ɗaukar buhu, ba hawan itace. Abu mai nauyi kuma yana iya buɗe wurin allurar, jini ya zubo ko ya taru a ƙarƙashin fata. In haka ta faru, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama har ya tsaya. Wanda ya ji jiri ya kwanta nan take, a ɗora ƙafafunsa a kan wani abu. Ya sha ruwa da kunu fiye da yadda ya saba, ya ci abinci. Giya da burukutu kuwa ya bar su, ƙara masa jiri za su yi.

Kashegari, in jiki ya yi daidai, a koma aiki, amma a fara da sanyin safiya, a riƙa hutawa a inuwa. Samarinmu masu ƙwallo da tsere su ne suka fi lura da bambanci, don a kwanakin farko numfashi yakan ƙare musu da wuri, wani har mako 2 ko 3. Ba ciwo ba ne, ƙwayoyin ne ba su gama cika ba. Wanda yake da babban wasa a gabansa ya san da haka.

Ɓargo ba ya aiki sai da sinadarin ƙarfe, shi kuma yakan yi watanni kafin ya cika. Ana samunsa a hanta, nama, kifi, wake da ganye irin su zogale da alayyahu. Lemo ko gwaba bayan cin abinci suna taimaka wa jiki ya ɗauke shi, shayi kuwa tauye shi yake yi. Shi ya sa namiji yake jiran wata 3 kafin ya sake bayarwa, mace wata 4, kuma ba a ɗibar jinin wanda bai kai kilo 50 ba.

A ganinmu ƙungiya tana da aiki a nan. Mutum ba ya ƙin hutawa don taurin kai, ciyawa ce ba ta jira. Ku zauna tun yanzu ku yanke shawara: duk wanda ya je ba da jini, a haɗa shi da mai rakiya wanda zai tuƙa keken ko babur ɗin a dawowa, kuma mutum biyu ko uku su yi masa gayya a gonarsa ranar nan da kashegari. Magatakarda ya rubuta ranar a littafi, don a san watan da zai iya sake bayarwa.