Me Ya Sa Ake Barin Madatsun Jidda Babu Ruwa?

'Yan makaranta da iyaye, wanda ya taɓa bi ta gabashin Jidda zai ga manyan madatsun ruwa a bakin duwatsu, amma cikinsu a bushe. Wannan ba asara ba ce, da gangan aka bar su haka.

Jidda tana kwance tsakanin duwatsu da Bahar Maliya. Idan aka yi ruwa a kan duwatsun, ƙasa ba ta shanye shi, sai ya gangaro ta kwaruruka irin su Wadi Ƙaus da Wadi Bani Malik, ya ratsa gari kafin ya kai teku. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, wato 8 ga Zulhajji 1430, ambaliya ta cinye unguwanni irin su Ƙuwaiza, mutum fiye da 120 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A Janairun 2011 kuma madatsar Ummul Khair ta ɓalle. Bayan haka ne aka gina sababbin madatsu, aka faɗaɗa magudanan ruwa.

Injiniyoyi kan auna haɗari da tambayoyi huɗu. Ruwa nawa zai sauka, cikin awa nawa? Yaushe zai iso daga dutse zuwa gari? Wane fili ya rage a cikin madatsa? Su wa ke zaune a ƙasanta? Saboda tambaya ta uku ne ake sakin ruwan da madatsa ta tare kaɗan-kaɗan bayan an ɗauke, kuma ake kwashe yashin da ya taru. Randar da ta cika ba ta karɓar ƙari.

Akwai abin da suke kira ruwan shekara 100. Ba wai sai bayan shekara 100 yake dawowa ba. Ma'anarsa, kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ya sauka. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 cikin awa 6 a kudancin Jidda, fiye da na 2009.

To, madatsa tana rage haɗari, ba ta kawar da shi. Idan aka sanar da rufe makarantu, a zauna gida. Kada yaro ya yi wasa a magudana ko da a bushe take, domin ruwan kan zo daga inda ba mu ga hadari ba. Kada direba ya shiga hanyar ƙarƙashin gada idan ruwa ya taru. Lambar agaji ita ce 911.

Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya tsare mu daga sharrinsa.